Wutsiyar Waƙar Inna

Tun ranar da Takama ya gano cewa kowane fayil a kwamfuta yana da wutsiya, tashar Konni ba ta sake hutawa ba. A da ɗan kabu-kabu ne, ya sayar da babur ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya kafa tebur yana loda wa direbobi waƙoƙi a memori. Wutsiyar kuwa ita ce 'yan haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil. Wata rana wata waƙa ta ƙi buɗewa, ya goge wutsiyarta ya rubuta mp3, sai ga ta ta tashi. Shi ke nan, kai ya kumbura. Har mai shayi sai da ya sha lacca.

Ana cikin wannan yayi yayarsa Ummul-Khairi ta sauko daga motar siminti ta Malbaza, riƙe da wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. A cikinta akwai muryar mahaifiyarsu, marigayiya Inna, tana waƙar dakan da take yi wa kowace amaryar gidansu. Babu kwafinta a ko'ina. Ga bikin Husna, 'yar Ummul-Khairi, ya ƙarato, tana so a sa waƙar a lasifika, lasifikar mai kiɗan biki kuwa mp3 kaɗai ta sani.

Takama ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce wannan ai aikin yara ne. Ya zare memorin ya cusa a kwamfuta, ko kwafi bai tsaya yi ba, ya datse wutsiyar ya rubuta mp3. Kwamfuta ta fito da gargaɗi da Faransanci, ya danna "wi", wato "na yarda", yadda ya saba, ba tare da ya karanta ba. Aka gwada a lasifikarsa, shiru. Ya mayar da ita mp4, shiru. Ya gwada wutsiyar hoto, wai ko Inna za ta leƙo.

Nan fa direbobi suka yi masa zobe, kowa da nasa haruffan. Isufu, wanda ya kawo Ummul-Khairi, ya rantse a gwada haruffan lambar motarsa, don ba su taɓa ba shi kunya ba. Aka gwada. Ana ta shewa, har ita kanta Ummul-Khairi ta rufe baki da gyale tana dariya. Da ta gaji ta ce ya mayar mata da abinta yadda yake.

Takama ya ɗora yatsu a kan madannai, ya tsaya. Ya manta wutsiyar asali. Ya mayar da memorin cikin waya, waya ta nuna babu komai.

"Takama, ina muryar Inna ta tahi?"

"Tana nan, Yaya, suna ne kawai ya ɓace."

Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan babur. Sai wata dabara ta faɗo masa: in wayar ta ɗauki sabuwar murya, ai za ta sa mata wutsiya irin ta da. Ya danna ɗauka, ya roƙi yayarsa ta faɗi ko mene ne. Ba ta yi rowa ba. Ta wanke shi tas, tun daga girman kansa har zuwa baburin da ya sayar, direbobi na faɗuwa don dariya. Ya duba zagin a kwamfuta, ga wutsiya: amr. Ya rubuta wa waƙar Inna ita, ya mayar da memorin cikin waya.

Wayar ta yi ƙara, sai ga sautin taɓarya a turmi, sai ga muryar, siririya, tana hawa tana sauka da numfashin mai daka. Ummul-Khairi ta ce a bar zancen lasifika, a hannunta za ta riƙe wa Husna wayar.

Waƙar ta ƙare amma ɗaukar ba ta tsaya ba. Takama ya manta shi ne ya riƙe wayar a ranar da aka ɗauki waƙar. Inna ta yi haki, ta yi dariya, ta ce, "Takama, kashe abin ga, taho ka sha hura."

Ya ce, "To, Inna," kafin ya tuna.