Yatsun Matan Kashu

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin ɗan sanda a ƙasar Newala, ban wuce kofur ba. Karatuna aji uku ne. Amma na san mutane.

Zamanin Bature, in an yi sata, sawu muke bi. Daga baya aka kawo tawada da kati, a dangwala yatsu goma, a aika Dar es Salaam, amsa ta dawo bayan wata uku, ɓarawo ya daɗe da cinye akuyar. A shekarar 1974 kuma aka turo mana Sufeto Lyimo, mutumin can arewacin ƙasarmu, da akwatinsa na fata. A ciki akwai baƙar hoda, da buroshi mai laushi kamar na kwalliyar amarya, da madubin ƙara girma. Ɗaukar akwatin kawai ya yarda in yi.

Wata Alhamis aka wayi gari an ɓalle tagar ɗakin ƙungiyar mata, an kwance kan keken ɗinki an tafi da shi. Kafin mu isa, rabin gari ya shiga ya yi jaje ya fito. Duk da haka Lyimo ya kewaye ɗakin da igiya, ya durƙusa yana barbaɗa hoda a teburin keken. Tabon yatsu ya fito, amma sumul, babu zane ko ɗaya.

"Kofur Nandonde, zo ka gani. Ƙwararre ne. Da gangan ya ƙone yatsunsa. Na karanta irinsu a makaranta."

"Yallaɓai, lokacin kashu ne."

"Na tambaye ka lokacin me ne?"

Na koma na riƙe masa akwati.

Wadda ta fara ganin tagar ita ce Somoe, mai sharar ɗakin. Mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ta biyo mu ofis ta ba da bayani, aka ce ta dangwala babban yatsa a ƙasan takarda. Ta dangwala. Baƙin dunƙule ya fito, babu zane. Lyimo ya ɗora madubi, ya ɗago yana murmushi, ya ce in sa mata ankwa.

"Ɗana, ni fa na kawo ƙarar."

"Haka kuke yi, Mama."

Kotu ranar Litinin. Fasa ɗaki a wancan lokacin ɗaurin shekara uku ne, ga yara huɗu babu mai riƙe su.

Man ɓawon kashu yana cin fata. Macen da ta yi wata biyu tana gasawa tana fasawa, ko ta shafa toka, yatsunta sai sun koma kamar bayan cokali. Somoe ma, in ta gama shara, kashu take fasawa. Duk wanda aka haifa a nan ya san haka. Lyimo kullum da ƙullin kashu a aljihu, bai taɓa kallon hannun mai sayar masa ba.

Kofur ba ya gyara wa sufeto magana. Sai na ce, "Yallaɓai, mace ɗaya ba ta ɗaga kan keke ta tsallake taga da shi. Tana da abokan aiki. In tattaro su?"

"Yanzu ka fara tunani, Kofur."

Ranar Asabar da hantsi na je wurin fasa kashu, na taho da mata hamsin da uku, hannuwansu duk toka. Suka yi layi daga teburinsa har bakin titi. Ya naɗe hannun riga, ya kama ta farko.

"A hankali, ɗan nan. Mijina ma bai taɓa riƙe ni haka ba."

Sumul. Ta biyu, sumul. Ta tara matar sajenmu ce, sajen yana tsaye yana kallon rufi. Wata tsohuwa, Bibi Nampunga, ta miƙa hannu tana leƙen ɗakin tsare mutane.

"Wannan zai ɗauke mu duka kuwa? Ni dai kusa da ƙofa za ka sa ni, jikana, ba na riƙe fitsari."

A kan ta talatin da ɗaya katinsa ya ƙare. Ya jera su a ƙasa yana bi da madubi, gumi na ɗiga a kai. Matan suka zazzauna a inuwa suna tambayar yaushe za a kawo musu tuwon rogon gwamnati.

Can ya ciro makulli ya tura mini ta kan tebur, bai ɗago ba.

Na buɗe. Somoe ta fito ta gyara zani, ta wuce shi ko kallo babu. Keken dai har na bar aiki ba a gan shi ba. Ita kuwa a gida ta dafa wa 'ya'yanta abincin rana.