Jan Ruwa a Barandar Baba

Kaji huɗu suka mutu cikin kwana biyu, Baba ya daina cin abinci. Tun da ya ajiye aikin tuƙin jirgin ƙasa ya mai da bayan gidansa wurin kiwo, kaji ɗari uku da 'yan kai, su yake fara gaisarwa da safe kafin ya waiwayi matarsa. Mama ta daɗe da haƙura da wannan. Sai ga murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gona a bakin gari, kuma kowa ya san dokar: inda duk aka same ta, kajin gaba ɗaya za a kashe a binne.

Shi ya sa 'yarsa Auta ta baro ɗakin bincike na jami'a da sassafe, da ƙaramin akwatin roba a rungume kamar jariri. Shekara biyar ita da Farfesa, shugabanta a wurin aiki, suna fama da abin da ke cikinsa. Ƙwayoyin zinariya ne a cikin ruwa, ƙanana ƙwarai, dubbai za su jeru a faɗin silin gashi ɗaya. An liƙa musu wani sinadari da ba ya kama komai sai ƙwayar wannan cuta. Idan ba cuta, ruwan yana nan ja yadda yake. Idan da cuta, ƙwayoyin su dunƙule, ruwan ya koma shuɗi. Minti goma sha biyar an gama, ba sai an yi kwana huɗu ana jiran babban ɗakin gwaji ba. A wurin aikinsu ko mai shara ya san ja shi ne lafiya. Abin ya zauna musu a ka har sun manta wani abu ne da ake faɗa wa mutum.

"Wannan ɗan akwatin ne zai gaya mini abin da ke damun kajina?" in ji Baba, yana kallonsa a karkace.

"Shi ne, Baba. Kai dai kamo mini su, ka riƙe fukafukan."

Ta sa safar hannu da takunkumi, ta sa shi ma ya sa, yana ta mitar an mai da shi likitan dole. Kaza goma ya kamo mata ɗaya bayan ɗaya, tana goga auduga a maƙogwaronsu, kowace da zanga-zangarta. Yana can yana lallashin ta ƙarshe, ita kuma ta fito baranda ta tsoma audugar a 'yan kwalabe, ta rufe akwatin.

"Minti goma sha biyar. Kafin nan kada kowa ya buɗe."

Baba ya dubi tsohon agogonsa na aiki, ya gyaɗa kai.

Daidai nan Farfesa ya kira. Gidan nan layin wayarta ba ya kamawa sosai sai a bakin titi, don haka Auta ta fita. Farfesa kuwa mutumin kirki ne, amma in ya fara magana sai dai ka nemi wurin zama. Ya yi mata bayanin takardar umarni mai shafi huɗu da za a buga a raba wa masu kiwo ɗari biyu a wata mai zuwa, ya koma kan firijin ɗakin bincike da ke gurnani, ya sake dawowa kan takardar. Sai da rabin awa ya wuce ta samu ta kuɓuta.

Tun daga ƙofa ta ji kukan Mama. Ta shiga da sauri.

Mama na zaune a kan tabarma tana share hawaye da bakin zane, tana cewa ita dama ba son kajin nan take ba, wari ne da hayaniya, amma wallahi ba ta so musu haka ba. Baba kuwa ya sake kaya, ya sa rigarsa mai kyau. Ya farke buhun abincin da yake tattali tun watan jiya, yana ta zuba wa kajin ba awo, suna wawa suna murna.

"Ku ci," yake cewa. "Ku ci ku ƙoshi."

"Baba, me ya faru?"

"Kin ce minti sha biyar. Sha biyar cif na buɗe. Duka goma ja ne, Auta. Jajawur." Ya sake ɗebo abinci a kwano. "Na riga na kira likitan dabbobi na gaya masa da bakina. Ba zan ɓoye cuta ta shiga gidajen mutane ba. Suna hanya da motarsu."

Auta ta ruga baranda ta leƙa akwatin. Kwalabe goma, ja wur, ba wadda ta ko sirka. Dariya da kuka suka taso mata lokaci ɗaya, ta rasa wanda za ta fara.

"Baba! Ja shi ne lafiya! Ba su da ita!"

Ya tsaya da kwanon awo a hannu. "Ke 'yar nan, shekara talatin ina tuƙa jirgi. Ja tsayawa ne. Ja haɗari ne. A ina aka taɓa yin jan da ke nufin wuce?"

"A wurinmu."

"To wurinku a juye yake."

Mama ta tsayar da kukanta cak. "Kana nufin buhun nan ka ɓarar a banza?"

Ba a gama wannan ba sai ga motar likitan dabbobi, da mutum biyu a baya cikin fararen riguna har ƙasa, sun zo da shebur da buhunan leda. Auta ta tare su a ƙofa, ta nuna katin aikinta da kwalaben, ta yi bayani tana haɗa kalmomi. Likitan, wani dogo mai furfura da bai san gaggawa ba, ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce ya ji labarin gwajin nasu, amma doka ba ta san shi ba tukuna. Zai ɗauki nasa samfurin ya aika, kuma kafin sakamako ya fito ko ƙwai ɗaya kada ya bar gidan. Amma ba zai kashe kaji a kan kwalaben da suka ce lafiya ba.

Ya shiga ya zaga ɗakin kajin, ya tsuguna a layin ƙarshe inda huɗun suka mutu, ya taɓa bututun ruwa. A bushe ƙayau. Ya toshe, ga zafin kwanakin nan.

"Ranka ya daɗe, ƙishirwa ce ta kashe maka su," ya ce.

Mama ta tafa hannu. "Direban jirgi guda, ka bar fasinja ba ruwa!"

Har masu fararen riguna sai da suka dara. Baba bai ji haushi ba. Ya zauna a kan bokiti a kife yana ta hamdala, wata kaza na tsattsagar takalminsa.

Da motar ta tafi, Auta tana haɗa kayanta a baranda, sai wani tunani ya zo mata. Da kwalaben sun koma shuɗi fa? Da Baba ya yi murmushi ya rufe akwatin, gobe ya kai ƙwai kasuwa da zuciya ɗaya. Kuma masu kiwo ɗari biyu ne za su karɓi akwatin nan, ba wanda zai zauna karanta shafi huɗu kajinsa na mutuwa. Tsoro ya kama ta sosai, da kunya. Ta fita bakin titi da gudu, ta ce wa Farfesa a dakatar da buga takardar. Wannan karon ita ta yi maganar, shi ya saurara.

Da ta dawo ta tarar Baba ya yago murfin kwali, ya ɗauki biro. Ya zana kaza a tsaye, ya rubuta JA a gefenta. A ƙasa ya zana wata a kwance, ƙafafu sama, ya rubuta SHUƊI.

Mama ta leƙo ta kafaɗarsa. "Wannan kaza ce ko akuya?"

"Ke dai kin gane wadda ta mutu?"

"Na gane."

"To shi ke nan." Ya miƙa wa Auta kwalin. "Ki kai wa Farfesan naku, ku manna a kan murfin, babba, inda ido zai fara sauka. Minti goma sha biyar ɗin da na yi yau bayan na buɗe akwatin nan, Auta, kada ku bari wani ya yi irinsu."