Masu Ɗaukar Thirza

"Ku karkata shi mana! Ƙofar nan ta girme ku ku biyun, kada wanda ya kankare mini fenti."

Anti Thirza ce ke ba da umarni daga kujerarta ta bakin murhu, bargo a kan gwiwa, samari biyun da asibiti ya turo suna ta kokawa da gadon ƙarfe a bakin ƙofa. Ni ina riƙe musu labule. Ɗanta Clive, wanda ya taso daga Leeds da safen nan, yana tsaye a tsakar ɗaki yana latsa waya.

"Mama, dubi wahalar da ake sha," in ji shi. "Gidan tsofaffin nan na Whitby fa, ɗakin da za su ba ki teku yake kallo."

"Tekun da ya cinye ubanka? Shi kake so in zauna in tasa a gaba?"

"Ba haka nake nufi ba."

"To ka nufi wani abu dabam. Noreen, yarinya, ɗora mana ruwan shayi, yaran nan sun yi gumi."

Na ba sittin baya da daɗewa, amma a bakinta ni yarinya ce. Ba 'yar'uwarmu ba ce. Bango ɗaya ya raba gidanta da namu a Skelby Wyke, kuma tun ina rarrafe aka koya mini in ce mata Anti. Yanzu ta haura tasa'in, likita ya ce zuciyarta ta gaji, da wuya ta ga ƙarshen bazara. Hawa bene ya gagare ta, shi ya sa aka kafa mata gado a ƙasa, jikin tagar da ke kallon titi.

Titin namu ba titi ba ne sosai, gangare ne na duwatsu da ya sauko daga kan tudu har bakin ruwa, mota ba ta iya shigarsa. Da can kowace ƙofa akwai masunci a bayanta. Yanzu mutanen birni sun saye gidajen suna ba 'yan hutu haya. Da hunturu in ka leƙo da yamma, tagata da ta Thirza kaɗai ke da haske, sai ta Len Harker can ƙasa, tsohon da ya rage cikin masu fita da kwale-kwale.

Bayan Clive ya koma, ta kira ni.

"Je ki wurin mutumin nan na tarihi. Ki ce masa a cocinmu nake so a yi mini addu'a. A nan aka ɗaura mini aure, a nan aka yi wa mijina Amos addu'a ba gawa. Ni dai ga gawar za a samu."

"Anti, kin san cocin ya zama..."

"Na san abin da ya zama. Ƙafata ce ta mutu, ba kaina ba. Je ki."

Na je. Ƙungiyar tarihin gari ce ta karɓi ginin tun da masu ibada suka ƙare, ta mayar da shi gidan tarihi. Shugabanta Mista Aldous, tsohon malamin makaranta ne daga kudu da ya yi ritaya ya tare a nan. Mutum ne mai fara'a, kuma ba na shakka yana son garin, irin son da ake yi wa hoto. Na same shi yana goge gilashin wani akwati da aka jera ƙugiyoyin kamun kifi a ciki.

Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau.

"Wayyo, Thirza tamu. Wallahi da da hali. Amma dubi wurin, Noreen. Bencinan an sayar, akwatunan nan an ɗaure su da ƙasa, ga kwale-kwale a tsakiya. Ina za a ajiye ta? Kuma hutun Ista ya matso, lokacin ne muke samun baƙi."

"Sa'a ɗaya kawai za a yi."

"Kwamiti ba zai yarda ba. Amma zo ki ji wani abu, ki gaya mata kullum ana sauraronta."

Ya kai ni inda mumbarin fasto yake a da, ya danna wani maɓalli. Sai muryar Thirza ta cika cocin. Tana ba da labarin yadda mata suke taruwa da asuba suna sa wa ƙugiyoyi abincin kifi, suna waƙa, suna tsokanar juna, da yadda ba a kulle ƙofa a garin nan. Ta yi dariya, muryar ta yanke.

Ina zaune a ɗakin ranar da aka ɗauki maganar nan. Na san abin da ta faɗa bayan dariyar. Ta ce yatsunsu fashewa suke yi don sanyi har jini ya ɓata igiya. Ta ce ba a kulle ƙofa ne don babu abin sata. Ta ce shekarar da Amos ya nutse, ruwan dankali ta sha ta ba Clive dankalin.

"Ina sauran?" na tambaye shi.

"Ai ya yi tsawo. Kuma mutane hutu suka zo, kin gane. Za mu yi mata allo na musamman da hotonta, na yi miki alkawari."

Da na dawo na tsaya cire takalmi a bakin ƙofa fiye da yadda ya kamata. Ta kalle ni sau ɗaya.

"Ya hana."

"Ya ce za su yi miki allo."

"Allo." Ta yi tsaki. "To su riƙe cocinsu. Amma abu ɗaya, Noreen. Ba wanda zai tura ni a keke kamar buhun gawayi. A kafaɗa ake hawa da gawar mutanen garin nan zuwa kan tudu. Haka aka hau da uwata, haka aka hau da uwarki. Maza shida, su huta a kwanar gidan burodi, su canja kafaɗa. Kira mini su. A fara da Sid Marsay."

"Sid ya rasu, Anti. Ke kika yi kek ɗin zaman makokinsa."

"Haka ne. To 'ya'yan Cammish, su biyun."

"Babban ya rasu. Ƙaramin yana Ostiraliya."

"Wilf na gidan da ke kan kwana?"

"Yana gidan tsofaffi, ko 'yarsa ba ya ganewa."

Ta yi ta kiran sunaye, ina amsawa, har sunayen suka ƙare. Ta juya fuska wajen taga.

"Saura Len ke nan. Len da ko tsohon wandonsa ba ya iya ɗagawa sai ya huta." Ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Gari guda, a ce an rasa kafaɗa shida."

Na kira Clive na gaya masa. Ya ce zai yi magana da masu shirya jana'iza, amma kada in sa wa Mama rai, zamani ya canja. Na ce masa ita ma ta lura.

Ista ta zo da rana mai kyau. Gangaren ya cika da mutane masu jan akwatunan tafiya, ƙafafun akwatunan suna ƙara a kan duwatsu tun safe. Thirza ta daina cin abinci, sai shayi a cokali. Nas tana zuwa ta tafi. Wata rana da hantsi ina shafa mata mai a leɓe, sai inuwa ta rufe tagar. Wata mata ce ta manna fuska a gilashi, hannu a goshi, tana leƙen ɗakin.

"Zo ka ga murhun nan, irin na da ne!" ta ce wa mijinta. Sai idonta ya faɗa kan gadon. Ta ja da baya da sauri.

Na tashi zan ja labule.

"Bar shi," in ji Thirza, da ƙyar nake jin ta. "Bari su ga wannan ma. Wannan ba a yanke ba yadda suka yanke maganata a coci."

Washegari da la'asar ta cika. Ina riƙe da hannunta, Len yana zaune a kujerarta da hularsa a gwiwa. Ba ta bar wata magana ba. Numfashin ne ya yi ta nisa da juna har wani bai biyo ba. A waje wani yaro yana kuka an hana shi alewa. Len ya miƙe da sandarsa ya tsayar da agogon bango, kamar yadda ake yi a da, sannan ya koma ya zauna. Clive ya iso bayan an gama komai, ya tsaya a kanta ya yi kuka sosai, kukan gaske. Ban hana shi ba, ban kuma rarrashe shi ba.

Ranar jana'iza masu shiryawa suka zo su huɗu cikin baƙaƙen kaya, da keken ƙarfe mai ƙafafun roba.

"Ta ce a kafaɗa," na gaya wa babbansu.

"Ki yi haƙuri, Uwargida. Gangaren ya yi tsayi, dokar aikinmu ba ta yarda ba. In wani ya zame fa?"

Na dubi Clive. Ya dubi takalminsa.

"Ni zan ɗauka," in ji Len.

"Baba, kai da wa?" in ji babbansu.

Len ya matso. Ya miƙo mini sandarsa, ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin akwatin, ya bar shi a nan. Haka aka hau, su suna turawa, shi yana jan ƙafa a gefe, numfashinsa kamar zuga-zugi. Dole suka rage sauri saboda shi. A kwanar gidan burodi, wanda yanzu shagon sayar da katunan hoto ne, ya ce, "A nan ake tsayawa." Suka kalli juna, suka tsaya.

Mutane sun dare gefe biyu sun ba mu hanya. Wasu sun sunkuyar da kai, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma wayoyi sun tashi sama. Wani saurayi ya bi mu da tasa har kwana. Wata mata da kofin kofi a hannu ta taɓa mini hannu, ganin baƙar hular gargajiya da na sa, ta ce, "Don Allah, gidan tarihin ne ya shirya wannan? Gobe ma za a yi?"

"A'a," na ce. "Gobe babu. Ta ƙare."

A kan tudu mota tana jira. Mista Aldous yana tsaye a wurin, hula a hannu, idonsa ya yi ja. Bayan an rufe kabari na ji shi yana tambayar Clive a hankali ko akwai tsohuwar hularta ta aiki da ƙyallen da take ɗaurawa a gaba, don allon. Clive ya ce ya zo ya ɗauki duk abin da yake so, dama kwashe gidan za a yi.

Len bai sake hawa tudun da ƙafarsa ba. 'Yarsa ta zo ta tafi da shi Hull kafin zafi ya shigo.

Gidan bai daɗe a kasuwa ba. Aka yi masa farin fenti, ƙofar ta koma shuɗiya, aka kafa masa suna a wani katako mai siffar kifi. Na ji ana fasa murhun ta cikin bango, kwana biyu ana yi.

Baƙin farko sun zo a watan Yuli, mata da miji da 'yan mata biyu ƙanana. Mutanen kirki ne. Matar ta ƙwanƙwasa mini ta tambayi ranar da ake kwashe shara, ta ce na yi sa'a da nake zaune a wuri irin wannan. Na gaya mata Talata.

Da yamma na fita bayan gida in kwashe shanyata. A kan igiyar Thirza an rataye 'yan rigunan wanka guda biyu, ɗaya ja ɗaya rawaya, ruwan teku yana ɗiga daga jikinsu a kan dutsen tsakar gidan.