Sunan Farko a Ƙyauren Maikano

"Ƙarya kake, Buba! Da furfurarka da komai kake shirga ƙarya."

"Ni ne maƙaryacin? Kai da ba ka taɓa ganin Hamman na Doguwa ya ɗauko gudu ba sai a bakin mutane?"

Maikano tela ya tsayar da keken ɗinki, ya zare allurar da ke bakinsa. "Na gan shi a Tudun Wada. Sau shida alƙalin wasa yana hura masa usur, satar gida. Gudu ba hankali ai na ɗan maraƙi ne."

"To ɗan maraƙin ne ya zuba muku biyu a raga."

Malam Inuwa yana zaune a tsakaninsu kan benci, hannuwansa a kan cinya. Yana jin su, amma kamar yadda mutum ke jin magana idan ya nutsa kansa a ruwa. Mako uku ke nan haka yake jin kowa.

Kun dai san maza. Idan aka gama girbi, rumbu ya cika, ba su da sauran aiki sai neman abin musu. A garin Tiga, dattawan nan uku sun samo nasu tun shekara biyar da suka wuce. Bayan ƙyauren shagon Maikano suka shafe da baƙin batir ya zama allo. Duk shekara, kafin a fara gasar ƙwallo ta garuruwa, sai a karya tsinken tsintsiya uku, wanda ya zari dogo shi zai fara zaɓe. Kowa ya tsinci samari goma sha ɗaya daga Bebeji, da Kiru, da Tudun Wada, har Doguwa, ya jera sunayensu da alli, wai ƙungiyarsa ke nan. Ƙungiyar da ba ta taɓa haɗuwa ba, ba ta ma san da kanta ba. Yaronka ya ci ƙwallo a can, a ja maka layi a nan. Wanda ya fi yawan layi, shi zai zauna shekara guda a kan tsohuwar kujerar motar fijo mai soso da ke kusurwar shagon. Abin da gandama-gandaman magidanta ke tayar da jijiyar wuya a kai ke nan, kujerar da ɓera ya haihu a cikinta sau biyu.

Da wasa aka fara. Sai wani mutum mai nemo wa wani kulob na Kano 'yan wasa ya gane cewa tsofaffin nan ba wasan da ke wuce su. Ya daina wahalar da kansa. In ya zo, shagon yake fara tsayawa, ya leƙa bayan ƙyaure, ya kwafi sunan da ke sama, shi zai je ya kalla. Bara ya tafi da na saman, bara waccan ma haka. Ranar Asabar zai dawo. Yau Laraba, kuma bana Malam Inuwa ne ya zari dogon tsinke.

"Ku tsaya mu bi su ɗaya bayan ɗaya," in ji Buba. Dillalin shanu ne, kuma yadda yake duba bijimi a karar shanu haka yake duba 'ya'yan mutane. "Masu lamba bakwai huɗu ne a ƙasar nan. Sale na Dangora, ƙirji kamar buhun dawa, in ya taho kowa kaucewa yake."

"Ba ya iya shan kwana," Maikano ya ce. "Ran nan da ƙwallon da shi har cikin gonar rogo."

"Na yarda. Ubale na Tudun Wada, ya iya yanka."

"Ya yanke mutum uku, sannan ya waiga ya ga ko masu tallan gyaɗa sun gani. A wuce."

"Saura biyu. Hamman na Doguwa, da Zailani na gidan Malam." Buba ya lanƙwasa yatsu biyu. "Hamman babu takalmi yake buga ƙwallo. Tun yana ɗan tatsitsi yake taro maruƙa a kan duwatsu. Dubi agararsa, kamar ta barewa. A yi wasa biyu a jere, numfashinsa ba zai canza ba."

"Zailani yana da gudun, yana da kan," Maikano ya buga tafin hannu a teburin keke. "Yana gudu yana kallon gola. Ƙafar hagu, ƙafar dama, duk ɗaya. Goma sha ɗaya ya ci bara. Naka nawa?"

"Tara. A filin Doguwa mai gangara."

"Goma sha ɗaya dai ta fi tara, ko a Doguwa."

Buba ya gyara hula, ya saci kallon Malam Inuwa. "Ban ce yaron bai iya ba. Amma Malam, ka yi haƙuri, gara ka ji a bakina. Kansa ya fara girma. Jiya ya same ni a bakin kasuwa, a tsaye ya gaishe ni. Ɗan sunkuyo kawai, kamar wani ɗan sanda. Yaron da tun daga nesa yake zubewa ƙasa. Tun Kano ba ta kira shi ba ke nan."

"Ni ma haka ya yi mini," in ji Maikano, murya ƙasa-ƙasa. "Na ce ƙuruciya ce."

Malam Inuwa ya ce, "Uhm."

Shi ya san abin da ya hana ɗansa durƙuso. Mako uku da suka wuce Zailani ya tsallake kwatar ban-ruwa a gonar tumatir, ya dira ba daidai ba, gwiwar dama ta yi ƙara. Da sassafe uban ya goya shi a keke suka tafi Bagauda wajen wani mai ɗori, ta bayan gari, don kada a gan su. Tsohon ya daɗe yana tattaɓa gwiwar, sannan ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta yage. In ya huta shekara guda, wataƙila. In ya yi gudu a kanta bana, to a fara nema masa sanda.

A hanyar dawowa yaron yana bayansa yana magana. "Baba, kai dai ka rubuta ni. Wasa ɗaya ne. Zan ɗaure ta tamau, ba wanda zai gane. In suka ɗauke ni, ai suna da likita." Malam Inuwa yana ta taka feda, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tun daga ranar tuwo ya daina yi masa ɗanɗano. Ba baƙin ciki yake ji ba, da ma shi ne da sauƙi. Ba ya jin komai. Kullum da safe yana ganin Baturiya, uwar yaron, tana wucewa da ruwan zafi da tsumma zuwa ɗakin zaure, ta fito tana share ido da gefen zane, shi kuwa ya ɗauki littafinsa ya tafi aiki.

Aikin nasa kuma ba wani abu ba ne. Shekara goma sha biyar yana gangarawa bakin madatsar ruwa, ya dubi ma'aunin ruwa, ya rubuta inda ruwa ya tsaya. An ce a shekarar fari wani babba ya taɓa cewa ya ɗan ƙara lamba don hankalin manoma ya kwanta. Ya ce to, ya koma, ya rubuta abin da ya gani. Ba taurin kai ba ne, hannun ne bai san wata hanya ba. Baturiya ma takan ce da za a tambaye shi ko miyarta ta yi gishiri a gaban baƙi, sai ya faɗa.

"To Malam, tashi ka raba gardama," in ji Maikano, ya miƙa masa alli. "Ko da yake mun san amsar. Wa zai tsallake ɗan cikinsa?"

"Ni dai a bar mini Hamman, na gode," Buba ya ce yana murza hannu.

Sai aka yi sallama. Zailani ne, dogo, wankan tarwaɗa, ya zo karɓar rigar wasansa da aka ɗinka wa lamba. Ya shigo a hankali yana taka ƙasa kamar mai tsoron tayar da barci. Ya sunkuya daga ƙugu.

"Baba Maikano, barka da yamma. Baba Buba, ina wuni. Baba, sannu da hutawa."

Buba ya taɓe baki, ya dubi tela, irin kallon ka gani ko.

"Ka zo a daidai," Maikano ya ce, ya jefa masa rigar, koriya, da farar bakwai a baya. "Tsaya ka ga ubanka ya ɗora ka a sama. Tura ƙyauren, Malam."

Malam Inuwa ya tashi ya tura ƙyauren, shagon ya ɗan yi duhu, sai hasken taga. Allon ga shi an wanke, baƙi ƙirin, da sunayen su uku a jere, ƙarƙashin kowanne fili. Ya ɗaga hannu. Yana jin numfashin yaron a bayansa. Ya jira ko wani abu zai motsa a ƙirjinsa, tausayi ko tsoro, wani abin da zai ce masa yi kaza. Shiru. Abin da ya zo masa kawai shi ne tambayar da ke kan ƙyauren kowace shekara: a cikin samarin nan, wa zai fi gudu bana?

Allin ya yi ƙara a kan katako. Ya rubuta a hankali, da irin rubutunsa na littafin ma'aikata, harafi bayan harafi. Hamman Doguwa.

Buba ne ya fara fashewa da dariya. "Kai, Malam! Ashe kana da barkwanci? Goge, goge, kada ka sa yaro kuka."

Malam Inuwa ya ajiye allin a kan teburin keke, ya koma bencinsa, ya mayar da hannuwa kan cinya.

"Malam," in ji Maikano, "ka san fa alli in ya sauka ba a gogewa. Dokarka ce ma, kai ka kawo ta."

"Na sani."

"Goma sha ɗaya fa ya ci."

"Bara ke nan."

Dariyar Buba ta tsaya a rabi. Maikano ya zuba wa wandon Zailani ido. Shi da hannunsa ya buɗa ƙafar wandon nan ta dama kwana goma da suka wuce, yaron ya ce masa wai yayi ne. Ƙafa ɗaya tak. Yanzu ga ta nan ta cika dam a gwiwa, ana ganin shatar ɗauri ta cikin yadi. Buba kuwa, gwanin duba agarar shanu, wanda ke gane saniya mai ɗingishi tun daga ƙofar kara, sai yanzu bakinsa ya buɗe.

"Wayyo. Shi ya sa ba ka durƙusa," ya ce. "Ɗan nan, ka yafe ni."

"Lafiyata ƙalau," in ji Zailani. "Wa ya ce ba na durƙuso? Baba Buba, ina wuni."

Ya tafi ƙasa gaba ɗaya, gwiwa biyu, yadda aka koya masa tun yana yaro. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya gangaro ta gefen hanci. Ya zauna a haka, yana kallon ubansa.

"Baba, ka gani? Ka goge."

Malam Inuwa ya dube shi. Ya ga gumin, ya ga leɓen da ya ciza, ya ga yadda nauyinsa duk ya koma hagu. Ya gani sarai, kamar lamba a jikin ma'auni.

"Tashi," ya ce.

Yaron ya yunƙura. Ƙafar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, sai da ya kama ƙarfen keken ɗinki, keken ya girgiza, kwarkwaron zare ya faɗo ya gangara ƙarƙashin kujerar fijo. Maikano ya miƙa hannu zai taimaka, Zailani ya kauce. Da ya miƙe, ya tsaya yana haki, rigar na dunƙule a hannunsa.

"Wasa ɗaya na roƙe ka," ya ce. "Ɗaya."

"Allah ya ba ka lafiya," in ji uban. Iyakar abin da ya samu a bakinsa ke nan.

Zailani ya ninke rigar sau biyu, ya ajiye ta a kan cinyar ubansa, bakwai ɗin tana sama. Ya ja ƙyauren, ya fita yana jan ƙafar a fili, tunda ba sauran wanda za a ɓoye wa. Ya maido ƙyauren da ƙarfin da ya rage masa, garam, har garin alli ya zubo a ƙasa.