Addu'ar da Ta Gagari Tafinta

Nas ta gama ɗaura mata ƙarin ruwa, ta duba agogo, ta ce nan da awa biyu za a zo a tafi da ita ɗakin tiyata. Likita dai tun jiya bai ɓoye musu ba: aikin babba ne, kuma zuciyarta ba ta da ƙarfi. Nas tana fita, matar ta kamo hannun rigar mijinta.

"Baban yara, yi mini addu'a."

Abu mai sauƙi, a ganinsa. Shekara talatin da ɗaya yana tafinta a cocinsu. Fastoci sun zo sun tafi, galibinsu baƙi ne da ba su jin harshen jama'a, shi kuwa yana nan a hagun mumbari da farar rigarsa, fasto ya jefo magana, ya cafe kafin ta kai ƙasa. Har sunansa ya ɓace, yaro da babba Baba Tafinta suke ce masa. Shi ne dattijon ikilisiya, shi ne shugaban kwamitin gini, makullin ofis ma a aljihunsa yake kwana.

Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu, ya saki muryar nan ta ranar Lahadi. Ya jero ayoyi, ya kira Ubangiji da manyan sunaye, har majinyatan sauran gadaje suka sunkuyar da kai, wata mai jinya ta fara amsawa da amin. Bai kai rabi ba matar ta ja rigarsa.

"Ba wannan ba," in ji ta. "Wannan ta jama'a ce. Irin wadda kake yi mini da, tun ba ka iya ba."

Ya san wadda take nufi. Farkon aurensu sabon tuba ne shi, ko aya guda bai haddace ba. Yakan durƙusa a gaban gadonsu yana in'ina, yana kai wa Allah ƙara kamar yaro wurin babansa: keken ɗinki ya lalace, jaririya ta ƙi nono. Ya taɓa roƙon Allah ya rage wa surukarsa yawan magana, matar ta yi ta ƙunshe dariya a cikin filo. Amma in ya tashi, sai ka ga idonsa ya yi ja.

Ya zauna a bakin gado, ya rufe ido, ya buɗe baki. Shiru. Can ya lura ya karkatar da kunnensa dama, yana jiran wani ya fara ya bi. Ba kowa a damansa sai ƙarfen ƙarin ruwa. Yaushe rabon da ya yi wa Allah magana da bakin kansa? Ya laluba, bai samu ba. Kullum da safe yana buɗe Littafi Mai Tsarki, gaskiya ne, amma neman yadda zai juya kalmomin ranar Lahadi yake yi. Wa'azi dubu ya bi ta bakinsa ya wuce, ko ɗaya bai tsaya ya sha ruwa ba.

Kunya ta rufe shi, sai ya yi abin da mai jin kunya yake yi: ya ce abin babba ne, bari ya ɗauko fasto. Ta ce ba fasto ta nema ba. Ya riga ya kai ƙofa.

Bas ɗin da ya hau ya yi ta tsayawa a kowace kwana. A coci ya tarar da fasto da mai rufin kwano suna gardama a kan inda ruwa ke yoyo. Allah ya isa ga sabo, sai da ya tsaya ya nuna musu kuskurensu, ya zana da yatsa a kan tebur, kafin ya tuna abin da ya kawo shi. Da suka iso asibiti saura minti ashirin. Babbar 'yarsu ta zo, tana shafa wa uwar mai a ƙafa, ta yi masa wani kallo.

Fasto mutumin kirki ne. Ya ɗora hannu a kan filo ya fara addu'a da nasa harshen, kafin ya rufe jimlar farko Baba Tafinta ya cafe. Kai, ranar ya yi fassara! Ba in'ina, ba tuntuɓe, kowace kalma ta zauna daram. Sai da aka ce amin ya buɗe ido, ya ga matarsa ta juya fuska tana kallon bango, hawaye na bin gefen hancinta.

Aka turo gado mai taya. Ta gaya wa 'yar inda ta ajiye maganin hawan jininsa, ta gode wa fasto. Sannan ta dubi mijinta, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Sannu da aiki, Baba Tafinta."

Shekara arba'in suna tare, ba ta taɓa kiransa haka ba.

Ya bi gadon har ƙarshen baranda, aka tare shi a ƙofar ɗakin tiyata. Fasto ya dafa kafaɗarsa ya koma wurin mai rufi. 'Yar ta zauna a benci ta rufe fuska da gyale. Shi kuwa ya dafa bango ya gangara har gwiwoyinsa suka taɓa siminti. Mai goge-goge ta zagaye shi da bokitinta ta wuce. Ya daɗe a haka. Sannan wata ƙaramar murya, a shaƙe, ta fito daga bakinsa.

"Ya Uba, ni ne. Na daɗe ban zo ba. Tsoro nake ji, kada ka ɗauke ta."

'Yar ta ɗago kai ta ce, "Baba, magana kake yi?"

Ya miƙe da sauri kamar mai kai albishir, ya nufi ƙofar, ya tura. A kulle take.