Zannuwan Gado a Ladywood

Takardar tana manne a jikin firij, kuma Hajar ta karanta ta sau huɗu tun ranar Juma'a da suka iso Birmingham. Abin da mai gidan yake so a yi kafin ƙarfe goma na safiyar Litinin ne a jere. A kwashe komai daga firij. A fitar da shara, kwali da kwalba a nasu bin ɗin sharar daban. A rufe tagogi. A cire zannuwan gado da rigunan filo, a tara su a ƙasan banɗaki. A mayar da mukulli cikin ɗan akwatin ƙarfe na bakin ƙofa.

Gidan na hayar 'yan kwanaki ne, a unguwar Ladywood. Hajar ta kama shi ta wani app na waya don bikin kammala karatun ƙaninta Aminullahi, wanda mahaifiyarsu, Inno, ta taso tun daga Gusau ta gani. Amma akwai wani dalilin da ba ta faɗa wa kowa ba sai mijinta, Usama. A watan Satumba Usama da yaransu biyu za su iso Manchester, ɗakinta na ɗalibai a Salford, dab da Manchester, kuwa ba a kwana da yara a cikinsa. Tana bukatar flat na mako shida kafin su sami na dindindin. Masu gida huɗu sun ƙi ta, duk saboda dalili ɗaya: babu wanda ya taɓa rubuta mata review, babu shaidar yadda take barin gidan mutane. Ta biyar, wata mata mai flat kusa da tashar tram, ƙaramin jirgin cikin gari, ta ce za ta riƙe mata shi har ƙarshen mako. Ta kawo review guda mai kyau, su yi magana.

Saboda haka tun daren Lahadi Hajar ta goge kicin, ta ɗaure shara, ta haɗa akwatuna. Aminullahi ya koma ɗakinsa na unguwar Lozells saboda yana da aiki da sassafe. Hajar ta koma barci bayan asuba da niyyar tashi ƙarfe bakwai da rabi ta cire zannuwa, su sha shayi, su fita da sauran lokaci.

Ɗigar ruwa ce ta tashe ta. Ta buɗe ƙofa, wani jiƙaƙƙen ƙyalle ya shafe ta a fuska. Zanen gado ne a rataye a saman ƙofar. Wani yana kan katakon da ake dafawa a hau bene. Rigunan filo suna jere a bayan kujerun cin abinci, kowace da ɗan tafkinta a ƙasa. Dukkansu shuɗi-shuɗi ne, wasu da layi-layi kamar an ja da alli.

A banɗaki ta tarar da Inno a durƙushe gaban bahon wanka, ta naɗe hannun riga, tana matse rigar bargo.

"Inno, me zan gani haka?"

"Wanki. Ko ba ki taɓa ganin wanki ba? Tashi ki ciro naki, shi kaɗai ya rage."

"An ce a tara su kawai! A tara a ƙasa, shi ke nan. Na karanta miki jiya."

"Na ji ki sarai." Inno ta ci gaba da matsa. "Kwana uku muna birgima a kai, sannan mu dunƙule mu jefar a ƙasan bayi, 'yar mutane ta zo ta kwashi dattinmu? Ba a gidan da na fito ba."

"To wannan shuɗin fa?"

"Bula ce, ragowar ta kaftanin ɗan'uwanki. Farin nasu ya dushe, ke ba ki gani ba? Ruwan ne dai da sanyi, ba ta narke sosai ba."

Hajar ta duba waya. Bakwai da minti arba'in. Ta kwashi rabin kayan ta sauka kicin, ruwa yana bin gwiwar hannunta, ta cusa su a injin wanki. Mafi gajeren wankin da injin ya yarda ya yi minti hamsin da takwas ne. Zubi biyu ke nan, zai kai su goma saura minti goma, kuma babu injin busarwa a gidan. Ta kira Aminullahi sau biyu, bai ɗauka ba.

Ta hau da soso. Bula ta yi wa bahon zobe, ta shiga tsagar tayil. Tana dirza tana jin injin yana juyi a ƙasa. Ta sauko ta goge ruwan da ya ɗiga a katakon falo, ta koma ta hau, ta tuna ba ta fitar da shara ba, ta sake sauka. A waje ta tsaya gaban bin guda biyu, ta manta wanne ne na kwali, sai da ta leƙa na maƙwabta.

Da ta dawo ta sami faranti a tsakiyar teburi, an shirya dubulan a kai an rufe da leda.

"Na mai gida ne," in ji Inno. "Ƙarfe nawa zai zo mu yi sallama?"

"Ba zai zo ba, Inno. Ban taɓa ganinsa ba. Ko muryarsa ban sani ba."

"Mutum ya ba ka gidansa kwana uku, ka saɗaɗa ka fita kamar ɓarawo, ka jefa masa mukulli a gwangwani?"

"Haka ake yi a nan."

"Allah ya kyauta. Ƙasar da ba a sallama."

Zubin farko ya fito tara saura. Hajar ta baza su ɗaya bayan ɗaya a gaban taga. Bular ta fita daga rigunan filo da zannuwa biyu. Amma a tsakiyar wata rigar bargo akwai tabo kamar tafin hannu, inda garin ya dunƙule. Ta zuba zubi na biyu, ta tsaya a wurin wanke-wanke tana cuɗa tabon da sabulu. Ya dushe, bai tafi ba.

Goma saura minti biyar aka juya mukulli a ƙofa. Injin yana nuna saura minti ɗaya, kuma ya daɗe yana nuna hakan. Wata mata ce ta shigo, 'yar kimanin shekara talatin, da bokiti da jakar kayan goge-goge. Ta dubi kujerun, ta dubi tulin jiƙaƙƙun kaya a kan teburi, ta dubi Inno da mayafinta da carbi a hannu. Sai ta ajiye bokitin.

"Mama, sannu da aiki," ta ce da Hausa. "Wanki kika yi mana?"

Inno ta miƙe zaune. "Ikon Allah! 'Yar ina ce ke?"

"Jos, Mama. Sunana Rhoda. Ni ke gyara gidan nan in baƙi sun fita."

"Kin gani ko?" Inno ta juya ga Hajar. "Da yanzu 'yar gida ce za ta kwashi dattinmu."

Rhoda ta yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ta ɗaga rigar bargon ta ga tabon. "Bula? Kai, Mama. Rabon da in ga bula tun ina sakandare." Ta juya ga Hajar, muryarta ta sauka. "Sister, bari in gaya miki yadda abin yake. Ba a nan ake wanke su ba. Mai mota zai zo goma da rabi ya kawo wankakku ya kwashi waɗannan. Jiƙaƙƙe ba ya ɗauka, don sai sun kwana biyu a buhu kafin a kai kansu, su yi fumfuna. Ni kuma da na shigo sai na ɗauki hoton kowane ɗaki na tura wa mai gida. Haka ƙa'idar take."

"Don Allah ki jinkirta hoton. Awa ɗaya kawai." Hajar ta matso kusa da ita. "Review ɗin nan shi ne na farko a sunana. Yarana suna zuwa September. In ya rubuta mummuna, ba ni da inda zan sa su."

"Na gane. Amma akwatin mukullin nan yana nuna masa lokacin da na buɗe na ɗauki nawa mukullin. Ni ma ana duba aikina, kuma gida uku gare ni yau. Ba zan yi ƙarya ba." Rhoda ta sa safar hannu. "Abin da zan yi, zan fara daga sama. Ɗakuna uku da banɗaki, minti goma ke nan kafin in sauko. Ki riga hotona isa wurinsa. Mutumin nan ya fi jin haushin abin da ya gano da kansa."

Rhoda ta hau sama. Hajar ta tsaya a kicin da waya a hannu. Ta rubuta wa mai gidan cewa mahaifiyarta tsohuwa ce, baƙuwa, ba ta jin Turanci. Ta dubi Inno, wadda ke ninke jiƙaƙƙiyar rigar filo gida huɗu tana daidaita gefunanta, yatsunta duk sun yi shuɗi. Hajar ta goge abin da ta rubuta. Ta rubuta cewa sun wanke zannuwan maimakon su tara su, cewa sun sa wani garin haskaka farin kaya ya bar tabo a rigar bargo guda, cewa za ta busar da duka yau kafin ta bar garin. Ta ɗauki hoton tabon da kanta ta haɗa. Ta tura goma da minti huɗu.

Alamar an karanta ta fito nan take. Amsa ba ta zo ba.

Injin ya yi ƙara ya saki ƙofarsa. Rhoda ta leƙo daga bene. "Akwai shagon wanki, launderette, bayan tashar bas, tafiyar minti goma, suna da manyan injinan busarwa. Mai motar zai biyo ta gidana na biyu ƙarfe sha biyu, lamba sha huɗu a layin baya. Ki kawo su can a bushe, in sa a buhun nan gidan. Ki wuce sha biyu, babu ruwana."

Jirgin ƙasansu na Manchester na sha ɗaya saura ne. Hajar ta haƙura da shi. Ta cusa kayan a manyan jakunkuna biyu, ta fitar da akwatuna bakin ƙofa, ta zaga tagogi tana taɓa kowace.

Inno ta tsaya a ƙasan bene da farantin dubulan. "'Yata, tunda mai gidan aljani ne ba a ganinsa, ke zan yi wa sallama. Mun gode da masauki. Abin da muka ɓata a yafe mana."

"Ba komai, Mama. Allah ya kiyaye hanya." Rhoda ta karɓi farantin, ta juye dubulan a jakarta, ta miƙa wa Hajar farantin. "Wanke shi ki mayar, yana cikin hoto."

Hajar ta bar Inno zaune a kan ɗan gajeren bangon gaban gida, akwatuna a gefenta. Jakunkunan sun fi yadda ta zata nauyi. Sau uku tana ajiyewa a hanya tana sauya hannu, ruwa yana tsiyaya a takalminta. A shagon, inji ɗaya ne babu kowa a kai. Ta zuba rabi, ta tsaya tana jiran wani mutum ya kwashe kayansa daga na biyu, shi kuwa yana ninke safa ɗai-ɗai. Ta duba waya. Babu amsa. Ta buɗe injin ta taɓa, da saura, ta rufe. Ta sake duba waya.

Sha biyu saura minti shida ta isa lamba sha huɗu, zannuwan da ɗuminsu a jaka. Motar tana tsaye, direban yana rufe bayanta. Rhoda ta fito da gudu da buhu a buɗe.

Sun sami jirgin ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna. Inno ta yi barci tun kafin su fita daga Birmingham. Hajar ta riƙe waya a cinya har Manchester.

Ranar Laraba da la'asar review ɗin ya fito, tana ɗakinta a Salford, Inno na kan darduma tana jan carbi. Tauraro huɗu cikin biyar. Mai gidan ya rubuta cewa baƙin ba su bi umarnin zannuwan gado ba, kuma rigar bargo guda ta tashi daga aiki. Ya ƙara da cewa ita ta fara sanar da shi kafin ya tambaya, ta gyara abin da zai gyaru a ranar, kuma an bar kicin tsaf. Zai sake karɓarta.

Ta karanta sau biyu. Ba ta san ko ya isa ba. Ta tura wa matar nan mai flat ba tare da ƙarin bayani ba, ta tashi ta ɗora ruwan shayi, ta dawo ta zauna, ta sake tashi.

Amsar ta zo kafin ruwan ya tafasa. Mako shida daga tara ga Satumba. A ƙasa matar ta ƙara layi ɗaya: zannuwan gado a bar mata su yadda suke.

"An ba mu flat ɗin, Inno."

"Alhamdulillahi." Inno ta shafa. "Me mutumin Birmingham ya ce?"

"Ya ba mu huɗu cikin biyar."

"Huɗu? Da duk wankin nan?" Ta ci gaba da jan carbinta. "Kira mijinki ki gaya masa, kada ya kwana da tunani."