Katangar Sabitu

Laifin Sabitu Tela shi ne "sai gobe". Bai zagi maƙwabcinsa ba, bai doke shi ba. Goben nan kawai ya yi ta ba shi.

Magini na ɗora tubalin ƙarshe a katangar da Sabitu ya ƙara wa tsawo, sai murya ta fito daga ƙetare.

"Sabitu! Ka rufe mini gabas."

Baffa Jalo ne, tsohon makiyayin da ciwo ya cinye masa shanu, ya shigo Bauchi ya zauna. Shekara biyu ke nan ƙafafunsa sun mutu. Ba mata, ba ɗa, sai ƙanwarsa Kubura mai kawo tuwo. Kullum bayan isha'i yakan ja jiki zuwa bakin ɗaki, ya jingina da turmi, ya yi ta kallon taurari yana gaishe su da Fillanci. Da su yake gane lokacin shuka ya gaya wa maƙwabcinsa, shi ya sa gonar Sabitu ta Tirwun ba ta taɓa yin kuskure ba.

Sabitu ya leƙo. "Baffa, sama fa ba ta ƙare ba. Ga ta nan birjik a kanka."

"Ta kaina ba ita nake jira ba. Kwanakin nan Kaza da 'ya'yanta ke fitowa da wuri, daidai kan tsamiyarka. Tun ina bin maruƙa ban taɓa rasa fitowarta ba. Cire mini tubali uku."

"Uku kacal? Gobe, in sha Allahu."

"Wanda ke ɗinka wa mutane aljihu, ya kasa yi wa katanga ɗaya!"

Sabitu ya yi dariya ya koma kan kekensa. Shekarar samun mulkin kai ce, saura kwana tara biki, ɗinki ya yi masa yawa. Kowace safiya in ya fito, sai ya ji, "Tela, yau ce goben?" Shi kuma ya ce, "Baffa, bari a sauke tutar Bature tukuna."

A kwana na shida ba a tambaye shi ba. Har ya ji daɗi, ya ce tsoho ya haƙura.

Ranar biki da hantsi, ana ta kiɗa a gari, Kubura ta yi sallama a zaurensa.

"Malam Sabitu, yayana ya cika. Na tarar da shi a gindin katangarka, da muciyata a hannunsa. Ya ɗan ƙwaƙule ƙasar."

Mutum biyar suka kai shi makwancinsa, sauran jama'a sun tafi kallon biki.

Da magariba Sabitu ya ɗauki gatari ya shiga gidan Baffa. Bai fi minti goma ba tubali uku suka faɗo. Ya zauna, ya jingina da turmin, har aka yi isha'i. Taurari suka cika kafar. Ya duba, ya sake dubawa. Bai san wacce ce Kazar ba, bai kuwa taɓa tambaya ba.

Da damina ta zagayo, ya yi shuka a ruwan farko, iri ya ƙone. Ya sake, ya ƙone. Ya yi asarar tiya shida ta dawa, da maƙwabcin shekara ashirin da biyu, da mai ce masa "dakata tukuna".

Kafar tana nan, bai toshe ba. Kajin Kubura ne ke hawa su kwana a ciki.